Roma, Romae, Romam: wanne ne sunan garin, kuma su wa suka raɗa shi?

Tambaya: "Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin tarihi ne, muna karanta daular Rum, kuma akwai abin da ya ɗaure min kai. A littafi ɗaya sai in ga Roma, in ga Romae, in ga Romam, a taswira an rubuta Carthago amma a wani shafin Carthagine. Wanne ne ainihin sunan? Sannan an ce mana Barcelona da Milan da Paris duk daga Latin suka fito, na duba sai na ga Barcino da Mediolanum da Lutetia, ni ban ga kamar ba musamman ta Paris. Rumawa ne suka raɗa sunayen nan ko tarar da su suka yi? Kuma mece ce ma'anar Roma ita kanta?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka abu uku kake nema, me ya sa sunan gari ɗaya yake canza kama daga shafi zuwa shafi, sannan sunayen nan na Rumawa ne ko gadonsu suka yi, sai kuma ma'anar Roma. Toh biyun farko a haɗe suke fiye da yadda kake zato, domin sunan da kake gani a taswirar yau sau da yawa ba daga siffar da ke cikin ƙamus ya fito ba, daga wadda bakin mutane ya fi furtawa kullum ya fito, wato "a gari kaza", "za ni gari kaza", "daga gari kaza nake". Wanda bai san nahawun ba zai daɗe yana kallon Barcino da Barcelona bai ga hanyar da ta haɗa su ba. Don haka da nahawun zan fara.

Li'irabi ne

In ka taɓa zama gaban malamin nahawun Larabci ka riga ka san rabin amsar. Zaidun, Zaidan, Zaidin, duk mutum ɗaya ne, aikinsa a cikin jimla ne ke canza ƙarshen sunan. Latin ma haka take sai dai nata li'irabin ya fi yawa, gida shida ne ake amfani da su yau da kullum, sannan akwai ragowar na bakwai wanda ya ɓace daga yawancin kalmomi tun kafin zamanin su Cicero, shahararren marubucin Rum, amma ya maƙale a sunayen garuruwa ya ƙi tafiya. Shi ne na zama a wuri, masu nahawu suna ce masa locativus.

Idan garin ne ake ba da labarinsa, Roma ce: Roma magna est, Rum babba ce. Idan can za ka, Romam eo. Idan kana ciki, Romae sum. Idan daga can ka fito, Roma venio, a rubuce kamar ta farko take amma a baki ana jan wasalin ƙarshen. Ka lura babu wata kalma mai ma'anar "a" ko "zuwa" ko "daga" a jimlolin nan, ƙarshen sunan ne kaɗai ya ɗauki nauyin. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe, mu ma "na tafi Kano" muke cewa ba sai mun sa "zuwa" ba, kuma muna da kalmomin da ke canza siffa idan wuri ake nufi, baki ya zama baka, kai ya zama ka, zuciya ta zama zuci. Ɗalibaina da na fara musu ta nan sun fi saurin kama abin fiye da waɗanda suka haddace jadawali tukuna. Su ma Rumawa suna da 'yan kalmomin gida da suka riƙe wannan tsohuwar siffa, domi a gida, domum zuwa gida, domo daga gida, ruri a ƙauye, humi a ƙasa.

Amma fa garuruwa da ƙananan tsibirai kaɗai aka yi wa wannan gata. Ƙasa sai da harafi: in Italia a Italiya, in Italiam zuwa cikinta, ex Italia daga cikinta. Tsibirin Rhodus ana cewa Rhodi kai tsaye don ƙarami ne kuma shi da babban garinsa sunansu ɗaya, Sicilia kuwa babba ce sai in Sicilia. Yadda nake fahimtarsa, gari a wajensu ɗigo ne da ake isa gare shi, ƙasa kuwa fili ce da ake shiga cikinta. Idan ka ga an sa harafi a gaban sunan gari toh akwai dalili, ad Romam yana nufin daf da Rum ba cikinta ba, shi ya sa yaƙin da Hannibal, kwamandan Carthago, ya murƙushe Rumawa a shekara ta 216 kafin Miladiyya ake ce masa na ad Cannas, a gefen garin Cannae aka gwabza. Haka in aka sako kalmar "birni" harafin yana dawowa, in urbe Roma. Kuma tun a wancan zamanin dokar ta fara sassauci a bakin mutane, marubucin tarihi Suetonius ya ruwaito cewa Kaisar Augustus ba ya shakkar sa harafi a gaban sunan gari in dai hakan zai sa a fahimce shi sarai. A ƙarshe harafin ne ya ci, li'irabin ya zube a yawancin harsunan da Latin ta haifa.

Sunayen ba aji ɗaya suke ba, don haka ƙarshen ya danganta da ajin. A Corinthus, Corinthi. A Brundisium, Brundisii. Akwai kuma garuruwan da sunansu jam'i ne tun asali, Athenae, Syracusae, Thebae, Delphi, Pompeii, su sai ka ce Athenis, Delphis, har aikatau ɗinsu ma jam'i yake zuwa, Athenae sunt, kamar ka ce "Atina suna nan". Naka Carthago kuma aji na uku ne, a can Carthagini ko Carthagine, zuwa can Carthaginem. Duk gari ɗaya ne.

Inda nake cin karo da wannan a aikace shi ne tsofaffin littattafai. Shekaru ɗaruruwa Turawa da Latin suke buga littafin ilimi, kuma a ƙasan shafin farko sai su sa garin da aka buga a siffar zama: Romae, Londini, Parisiis, Venetiis, Oxonii, Lipsiae. Wani ɗalibi ya taɓa kawo min aikinsa ya sa Lipsiae a gurbin sunan mai ɗab'i, alhali "a Leipzig" kawai ake nufi. Wanda ya fi kama mutane shi ne Lugduni, in ita kaɗai ce Lyon ce ta Faransa, in an ƙara Batavorum toh Leiden ce ta Holan. Kai da kake tarihi za ka haɗu da wannan, domin littafin Hasan al-Wazzan wanda Turawa ke kira Leo Africanus, wanda ya kawo labarin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, fassararsa ta Latin an buga ta a Antwerp a 1556, aka sake bugawa a 1632 da "Lugd. Batav." a shafin farko.

Yadda Barcino ta zama Barcelona

Nan ne abin ya fi min daɗi. Sunayen aji na uku da yawa suna da gajeriyar siffa ɗaya, ta fa'ili, sauran duka doguwar saiwa suke ɗauka. Barcino, amma Barcinonem, Barcinone. Toh sau nawa mutum zai ce "Barcino kaza ce" a rana, idan ka kwatanta da "za ni", "ina can", "daga can nake"? Doguwar ce kullum a baki, ita ta rayu, ta zama Barcinona, sannan "n" biyu a jere suka yi wa harshe nauyi ta farkon ta koma "l". Irin wannan sauyin ne ya mayar da Bononia ta zama Bologna, Panormus ta zama Palermo. Da ka gane wannan sai sauran su yi ta buɗewa, Tarraco da Tarraconem ta ba da Tarragona, Narbo da Narbonem ta ba da Narbonne, Olisipo da Olisiponem ta ba da Lisbon, Carthaginem ta ba da Cartagena ta Sifaniya. León ma ba zaki ba ne ko da yake zaki ne a tambarin garin, legionem ce, rundunar soja, domin Legio VII Gemina ce ta yi sansani a wurin.

Wasu kuma siffar zaman ce ta daskare musu. Rumawa masu son wanka ne a maɓuɓɓugar ruwan zafi, duk inda suka samu sai su ce Aquae, ruwaye, su ƙara wani suna, Aquae Sextiae a kudancin Faransa, Aquae Sulis inda Bath take a Ingila. Amma matafiyi Aquis yake cewa, "a ruwaye", kuma wannan Aquis ɗin ita ce Aix ta yau, ita ce Acqui ta Italiya, ita ce Dax bayan an manna mata "de" a gaba. A Italiya masana da yawa suna bayanin "i" ɗin ƙarshen Rimini da Brindisi da Tivoli da cewa daga Arimini, Brundisii, Tiburi suka fito, haka "e" ɗin Firenze daga Florentiae. In ka buɗe jerin zangunan hanya da Rumawa suka bari, irin wanda ake kira Itinerarium Antonini ko taswirar Peutinger, za ka ga abin yana faruwa a gabanka, yawancin sunayen ba a siffar fa'ili aka rubuta su ba, a siffar "daga" ko "zuwa" suke, domin jerin na masu tafiya ne.

Paris kuwa ka yi gaskiya, ba ta yi kama da Lutetia ba saboda ba daga ita ta fito ba. Cikakken sunan Lutetia Parisiorum ne, Lutetia ta Parisii, su kuma Parisii ƙabila ce ta mutanen Gallia, wato yankin Faransa ta yau, da ke zaune a bakin kogin Seine. Wannan -orum ɗin mallaka ce ta jam'i, "ta su wane". A wajajen ƙarni na 3 zuwa na 4 na Miladiyya, manyan garuruwan Gallia da yawa suka yar da sunansu suka ɗauki na ƙabilar da suke hedikwatarta, sai ya zama mutum yana cewa Parisiis, "a wajen Parisawa". Kamar dai yadda muke da Gobirawa da Agadasawa da Tamburawa, sunan mutane ya zama sunan wuri. Durocortorum ta Remi ta zama Reims, Samarobriva ta Ambiani ta zama Amiens, Caesarodunum ta Turones ta zama Tours, Avaricum ta Bituriges ta zama Bourges. Wannan "s" da Faransawa ke rubutawa a ƙarshen sunayen nan ba sa furtawa a yawancinsu, ragowar jam'in Latin ce. Akwai ma inda ƙabila ɗaya ta haifi suna biyu, Andecavis ta ba da garin Angers, Andecavum ta ba da yankin Anjou, bambancin li'irabi kawai.

Na Rumawa da waɗanda suka tarar

Yanzu tambayarka ta biyu. Gaskiyar magana yawancin sunayen da muke kira na Latin riga ce kawai ta Latin a jikinsu. Rumawa sun zo sun iske gari da sunansa, suka ji yadda 'yan garin ke faɗa, suka ɗora masa -um ko -a ko -us don ya shiga li'irabinsu. Mediolanum da ka ambata kalmar Keltawa ce, su ne mazauna Gallia da arewacin Italiya da Birtaniya kafin Rum ta iso, ma'anarta tsakiyar fili, kuma akwai Mediolanum da yawa a Gallia ba Milan kaɗai ba. Duk sunan da ka ga ya ƙare da -dunum nasu ne, tudu mai ganuwa, Lugdunum wato Lyon wadda Munatius Plancus ya kafa wa Rumawa a 43 kafin Miladiyya, Camulodunum wato Colchester. Haka -magus fili ko kasuwa, Rotomagus ita ce Rouen, Noviomagus sabuwar kasuwa ita ce Nijmegen. Haka -briga a Sifaniya da Fotugal, Conimbriga da sunanta ya koma Coimbra. Har auren harshe biyu ake yi, Augustodunum rabi sunan sarki rabi na Keltawa, ita ce Autun.

A cikin Italiya kanta ma haka ne. Etruskawa, tsoffin mazauna tsakiyar Italiya, suna da Velathri, Rumawa suka ce Volaterrae, yau Volterra. A kudu Girkawa ne suka kafa Neapolis, sabon birni, ita ce Napoli. Carthago kuma daga Finikiyawa take, Qart-hadasht, ita ma sabon birni, in kana da Larabci za ka ji ƙamshin alƙarya mai ma'anar gari da hadis mai ma'anar sabo domin 'yan gida ɗaya ne. Da mutanen Carthago suka kafa wani gari a Sifaniya suka sake sa masa sunan nan, sai Rumawa suka ƙara Nova don bambancewa, Carthago Nova, sabon "sabon birni". Gades wato Cádiz ma nasu ne, Gadir, wuri mai katanga.

Wani lokaci suna jin baƙon suna da kunnen Latin sai ya yi musu mummunan sauti. Akwai garin Samnitawa, wata ƙabilar Italiya, da suke ji kamar Maleventum, wanda a Latin yake kama da "mugun sakamako", da suka kai 'yan ƙasarsu suka zauna a wurin a 268 kafin Miladiyya sai suka mayar da shi Beneventum, kyakkyawan sakamako, Benevento ta yau. Mutane ne masu tsananin kula da fata na gari a suna, shi ya sa garuruwan da suka kafa da hannunsu suke da irin su Placentia mai daɗin zama wato Piacenza a 218, Valentia mai ƙarfi wato Valencia a 138 kafin Miladiyya, Florentia mai bunƙasa, Potentia, Faventia. Duk -entia ɗin nan daga aikatau aka ƙera su.

Sauran nasu na ainihi ba su da wuyar ganewa domin kalmomin yau da kullum ne. Ostia bakin kogi. Interamna tsakanin koguna, ita ce Terni. Confluentes mahaɗar ruwa, ita ce Koblenz inda Moselle ta faɗa Rhine. Forum kasuwa da sunan wanda ya kafa ta, Forum Iulii ta zama Fréjus, Forum Livii ta zama Forlì. Wasu ma lambar dutsen mil ce kawai, Sesto kusa da Milan na shida, Settimo kusa da Turin na bakwai, Ad Decimum mil goma daga Carthago inda Belisarius ya ci Vandalawa a 533. Gonaki kuma sunan mai gona ake ɗauka a ƙara -anum, gidan gonar Cicero na Tusculum shi yake kira Tusculanum, a Gallia kuma -acum ke wannan aikin, Iuliacum ta zama Jülich, Aureliacum ta zama Aurillac. Inda itace iri ɗaya ya yi yawa -etum, Lauretum ta ba da Loreto.

Sai na sarakuna, su ne suka fi tsawo kuma su ne bakin talaka ya fi yi wa aski. Augusta Praetoria ta rage Aosta. Emerita Augusta, wadda aka kafa wa sojojin da suka gama aiki a 25 kafin Miladiyya, ta rage Mérida. Augusta Treverorum ta yar da sarkin ta riƙe ƙabilar ta zama Trier, haka Augusta Taurinorum ta zama Turin. Wanda na fi so in nuna wa ɗalibai shi ne Colonia Claudia Ara Agrippinensium, sunan da a shekara ta 50 ta Miladiyya aka ba garin da aka haifi Agrippina matar sarki Claudius. Kalma huɗu, da sunan sarki da na matarsa, amma wadda ta rayu ita ce mafi ƙanƙantar daraja a ciki, Colonia, ita ce Köln ta Jamus.

A nan ka yi hattara da Manchester da Lancaster da Winchester. Gaskiya ne -chester daga castra take, sansanin soja, amma ba Rumawa ne suka manna ta ba. Su Mamucium suke cewa, Chester kuma Deva. Anglo-Saksawa ne da suka zo daga baya suka ari kalmar suna kiran duk tsohon garin Rumawa mai ganuwa da ita.

Jinsi kuma a gurguje, garuruwa da ƙasashe da tsibirai galibi mata ne ko da ƙarshensu ya yi kama da na namiji, Corinthus da Aegyptus da Cyprus duk "ita" ne, koguna kuwa galibi maza ne ko da sun ƙare da -a kamar Sequana. Masu -um kuma ba namiji ba mace, jinsi na uku da Latin ke da shi. Ƙasashe sukan ɗauki -ia daga sunan mutanenta, Galli da Gallia, Germani da Germania, kuma wannan ɗafa-ƙeyar ce Flora Shaw ta ɗora wa sunan kogin Neja a 1897 aka sami Nijeriya. Africa kuwa asali sifa ce, terra Africa, ƙasar Afri, mutanen da ke kewayen Carthago, lardi ne a inda Tunisiya take yanzu wanda aka kafa a 146 kafin Miladiyya bayan rushe Carthago, Larabawa suka ce Ifriƙiya. Sifofin da ake ƙerawa daga sunan wuri suna nan a jikin itatuwanmu, sunan maɗaci na kimiyya Khaya senegalensis da -ensis irin ta Carthaginiensis, aduwa Balanites aegyptiaca, giginya kuma Borassus aethiopum, mallakar jam'i ce irin ta Parisiorum.

Waɗanda suka iso mana ta Larabci

Da yawa daga sunayen nan mun riga mun san su ba tare da mun san na Rum ba ne. Larabci ba shi da "p", sai ya zama "b", kuma yana jan suna zuwa awonsa. Corduba ta zama Ƙurɗuba garin Imam Ƙurɗubi mai tafsiri. Saetabis ta zama Shaɗiba garin da ake danganta Imam Shaɗibi gare shi. Hispalis ta zama Ishbiliya, daga nan Sevilla ta fito, ba kai tsaye daga Latin ba. Caesaraugusta ta zama Saraƙusɗa sannan Zaragoza. Flavia Neapolis ta Falasɗinu ita ce Nablus, wato ita da Napoli takwarorin juna ne. Tarabulus da fataken Kano suka sani Tripolis ce, garuruwa uku da Girkanci, Oea da Sabratha da Leptis Magna, Gadamas kuma marubutan Rum sun san ta da Cydamus. Sannan akwai Ƙudus, da sarki Hadrian ya sake gina ta a wajajen 130 zuwa 135 sai ya sa mata Aelia Capitolina, Aelius sunan zuriyarsa ne. Sunan ya zauna shekaru ɗaruruwa, shi ne Iliya'u da ke cikin hadisin Abu Sufyan da Hiraƙla a farkon Sahihul Bukhari, inda aka ce sun same shi a Iliya'u. Duk almajirin da ya karanta hadisin nan ya furta sunan dangin wani sarkin Rum.

Ma'anar Roma

Labarin da Rumawa ke bayarwa shi ne Romulus ya kafa ta a 753 kafin Miladiyya ya sa mata sunansa. A nahawu kuwa abin a juye yake, Romulus ne ya yi kama da wanda aka ƙera daga Roma, kamar ka ce "ɗan Rum". Bayan wannan masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Akwai masu kai ta ga Rumon, wanda malamin nahawu Servius ya ce tsohon sunan kogin Tiber ne, akwai masu cewa ruma ce mai ma'anar nono saboda siffar tudun da aka kafa garin a kai, akwai masu ganin sunan wani gida ne na Etruskawa, Girkawa kuma tun da can suka so ta zama rhome tasu mai ma'anar ƙarfi. Duk wanda ya yanke maka ɗaya ya ce ita ce tabbas ya wuce abin da hujja ta bayar. Italia ta fi sauƙi kaɗan, da Oskanci, harshen Samnitawa da maƙwabtansu, Viteliu ce, ana danganta ta da vitulus ɗan maraƙi, kuma lokacin da ƙawayen Rum suka yi mata tawaye a 91 zuwa 88 kafin Miladiyya sun buga kuɗi da wannan sunan, har da hoton bijimi yana tunkuyar kyarkecin Rum.

Su kansu Rumawa sun yi ta wannan bincike. Varro, wanda ya rayu daga 116 zuwa 27 kafin Miladiyya, ya rubuta littafi 25 a kan harshen Latin, shida ne suka iso mana, su ma da giɓi, na biyar cikin 25 ɗin a kan sunayen wurare yake. Ina girmama shi ƙwarai domin ya adana abubuwan da ba don shi ba da sun ɓace, amma hanyarsa ta kamannin sauti ce. A kan garin Puteoli ya ce daga putei rijiyoyi ne, sai kuma ya ce ko dai daga putor wari saboda ƙibiritun wurin. Mawaƙi Virgil ma ya ce Latium, yankin da Rum take, daga latere ɓuya ne wai don gunkinsu Saturnus ya ɓuya a can. Ana karanta irin wannan don a san tunaninsu, ba don a ɗauke shi hukunci ba.

In za ka binciki wani suna da kanka, yadda nake yi shi ne in nemi siffa mafi tsufa da aka rubuta, a jikin dutse ko kuɗi ko jerin zanguna, in fara tambayar wane li'irabi ne wannan kafin komai, domin in ka ɗauki Aquis ko Parisiis a matsayin fa'ili ka ɓata tun daga ƙofa. Sannan in cire ɗafa-ƙeyar Latin in ga abin da ya rage, in tambayi su wa ke zaune a wurin kafin Rumawa. Sannan in bi sunan ƙarni bayan ƙarni in ga ko sauyin sautin ya dace da yadda sauran kalmomin yankin suka sauya, in bai dace ba kamannin banza ne komai kyansa. Hanyar tana da iyaka, inda saiwar ta fito daga harshen da bai bar rubutu mai yawa ba sai dai a tsaya a kan "mai yiwuwa", Etruskanci ana iya karanta haruffansa amma ba duk kalmominsa aka fahimta ba, Londinium ma har yau ana ja a kan asalinta.

Abu na ƙarshe da zai iya ruɗa ka a littattafan nan, ba duk sunan Latin ne na zamanin Rum ba. Lipsia da Oxonia wato Oxford da Hafnia wato Copenhagen, malaman coci da na jami'a ne suka ƙera su ƙarnuka bayan faɗuwar daular, Rumawa ba su taɓa mulkin inda Leipzig ko Copenhagen suke ba. Har yau ana ƙera sababbi, a takardun Vatican lardin cocin Katolika na Kaduna Kadunaënsis ne, na Sakkwato Sokotoensis. Don haka in ka ga suna mai -ia ko -um ka duba shekarar da ya fara bayyana kafin ka sa shi a taswirar daular Rum ta aikinka.